Sabon Fiyano Ya Iso: Yadda Ake Kaɗa Shi Kafin Mai Saiti Ya Zo

Da zarar 'yan dako sun sauke fiyano an sallame su, gardama kan tashi a gida ko coci ko makarantar da aka kai shi. Wani ya ce a buɗe a ji muryarsa, wani ya ce ai dillali ya ja kunne a bar shi ya huta sati biyu zuwa huɗu. Dillalin bai yi ƙarya ba, an dai juya maganarsa ne. Abin da ake jinkirtawa shi ne saiti, wato ɗaure tsirkiyoyi a daidaita muryoyinsu. Kiɗa kuwa ana iya fara shi tun washegarin isowa, kuma fiyanon da aka yi ta kaɗawa a waɗannan makonni ya fi riƙe saitinsa na farko a kan wanda aka lulluɓe aka kulle ɗaki. Muna magana ne a kan fiyano mai tsirkiya da guduma, ko na tsaye da ake ajiyewa a gindin bango, ko na kwance mai ƙafa uku. Kibod na lantarki, wanda shi ya fi yawa a wajenmu nan Kebbi da Zamfara, ba ya bukatar saiti balle jira.

Me ya sa hannu ba ya ɓata shi

Fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, amma tsirkiyoyinsa sun kai 220 zuwa 230. Muryoyin tsakiya da na sama tsirkiya uku-uku gare su, na ƙasa bibbiyu, na can ƙurya masu kauri ɗaɗɗaya, an naɗe su da jan ƙarfe. Kowace tsirkiya tana ɗaure da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 90. In aka tara, jan da ke kan firam ɗin ƙarfen da ke riƙe da tsirkiyoyin ya kai tan 18 ko kusa da haka, nauyin buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 360, kuma yana nan dare da rana ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba. Gudumar da ke dukan tsirkiya 'yar ƙaramar katako ce da aka lulluɓe da matsattsen ulu, an kuma yi ta ne don wannan dukan. Mai saiti da kansa yakan danna maɓalli da ƙarfin da ya wuce na yawancin makaɗa, da gangan, don tsirkiya ta zauna inda ya ajiye ta.

Abin da ke sauya muryar fiyano bayan tafiya shi ne iska. A bayan tsirkiyoyi akwai faffaɗan allo na katako mara kauri, bai cika santimita 1 ba, wanda shi ke fito da amo. An yi shi da ɗan doro a tsakiya, kuma tsirkiyoyi suna bi ta kan wani dogon katako da ke manne a jikinsa, kamar yadda tsirkiyar garaya ko goge ke hawa kan jaki. In iska ta yi laima allon ya sha ya kumbura, doron ya tashi ya tura tsirkiyoyi, murya ta hau. In iska ta bushe allon ya tsuke, doron ya kwanta, murya ta sauka. Mai ganga zai lura cewa wannan akasin abin da ya sani ne: fata takan saki da damina sai an gasa ta, fiyano kuwa da damina yake ɗaurewa, da hunturu yake saki. Saukar ba ta zuwa daidai ko'ina, ta fi yawa a tsakiya, musamman inda tsirkiyoyi masu naɗi suka ƙare aka shiga na santsi. Shi ya sa ake jin kamar fiyanon ya rabu gida biyu.

Yanzu a duba hanyar da kayan ya biyo. Galibin fiyanon da ke zuwa Kebbi daga Legas yake tasowa, inda laimar iska kan kai kashi 80 cikin 100, ya bi ta Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko har Jega. Na Zamfara kuma ya shigo ta Zariya, Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau. In a watan Janairu ne, zai sauka a inda laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Katakon da ya sha iskar bakin teku zai ɗauki makonni yana fitar da ruwan jikinsa, kuma duk saitin da aka yi a wannan tsakanin zubewa zai yi. Saitin wuri ba ya cutar da fiyano, aljihu yake cuta, don za a biya sau biyu.

Ranar farko

In ya iso da zafin mota a ƙarƙashin tamfol, a shigar da shi inuwa, a cire leda da kwali, a bar shi ya kwana murfi a rufe. Kada a kunna masa na'urar sanyaya ɗaki don a huce shi da sauri. Sauyi na farat ɗaya shi ne abin gudu a duk wannan sha'ani.

Washegari, kafin a danna komai, a ɗaga murfin sama a haska da tocila. Sababbin fiyano da waɗanda aka yi wa ɗaurin kirki sukan zo da sanda ko ƙyalle ko soso da aka tare gudumomi da su don kada su yi ta kaɗawa a hanya. In ba a cire ba, maɓalli zai ƙi sauka, wanda bai sani ba kuma ya ƙara ƙarfi har ya karya wuyan guduma. A cire su a hankali. A duba ko gudumomi suna jere a layi ɗaya, babu wadda ta karkace tana gogar 'yar'uwarta. Sai a buɗe allon ƙasa, wanda ke saman feda. Yawanci wani ɗan ƙarfe mai sifirin ne ke riƙe da shi a ƙarƙashin maɓallai, a tura shi sama allon ya faɗo gaba. A duba ƙasan ciki. Duk wani noti ko guntun katako ko ulu da aka tsinta, a sa a ambulan a ajiye wa mai saiti, domin samun madadinsa a nan ba ƙaramin aiki ba ne. In an ga garin katako ya taru wuri ɗaya, ko kashin ɓera, ko ulu ya zama kamar an ci shi, to akwai ƙwaro ko asu ko ɓera a ciki, kuma dillali ya kamata ya ji a ranar.

A ɗauki hoton ciki da waje, da lambar da aka buga a jikin firam ɗin ƙarfe. Aibin da aka nuna wa mai sayarwa a kwana biyun farko na hanya ne ko na shago. In ya kai wata guda, cewa za a yi a hannunka ya faru.

Wani abu da kan tsorata mutane a banza: an danna ko'ina murya ta fito a shaƙe. A yawancin fiyanon tsaye, fedar tsakiya tana sauke wani ƙyallen ulu tsakanin guduma da tsirkiya don a yi koyo ba a dami maƙwabta ba, kuma tana maƙalewa in an taka an tura ta hagu. A taka ta, a dawo da ita dama, ta tashi.

Mazauni

A yanke shawarar inda zai zauna tun ranar farko, domin in aka sauya masa ɗaki a sati na uku, ƙidayar jira ta koma farko. Bangon cikin gida ya fi, wanda rana ba ta dukan bayansa. Bangon yamma a Birnin Kebbi ko Talata Mafara cikin watan Afrilu yakan riƙe zafi har tsakar dare, kuma bayan fiyanon tsaye, inda allon amo yake a buɗe, shi ke fuskantarsa. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da bango. A nisanta shi da taga da ƙofar waje da bakin na'urar sanyaya ɗaki kamar mita 2, kada kuma rana ta taɓa shi ko ta awa ɗaya ce a yini. Ɗaki mai rufin kwano babu silin bai dace da fiyano ba sam, gara a matsa shi ƙaramin ɗaki mai silin ko da ba shi aka so ba.

Ƙafafun fiyanon tsaye huɗu duka su taka ƙasa. A kama gefe ɗaya a ɗan girgiza, in ya yi rawa a cusa guntun katako mai tauri a ƙarƙashin ƙafar da ke reto. Fiyanon tsaye da ke zaune a karkace yakan ɗan murɗe, wannan kaɗai yana iya taɓa muryarsa. Nauyinsa ya kai kilo 200 zuwa 250, kuma nauyin ya fi rinjaya baya, don haka kada a bar yara su tura shi ko su hau. Inda daɓe ya tsage, a riƙa leƙa baya da ƙasa kowane mako saboda gara.

Kiɗan makonnin jira

Kiɗan farko na bincike ne. A ɗauko littafi da biro, a fara daga maɓallin ƙarshe na hagu a ba shi lamba 1, a bi farare da baƙaƙe a jere har 88. Muryar da ake kira C ta tsakiya ita ce ta 40. Kowane maɓalli a danna shi a hankali sau ɗaya, da ƙarfi sau ɗaya, a sake shi a saurara. Minti 15 ya isa. Abubuwan da ake nema: wanda bai yi amo ba, wanda ya sauka ya ƙi tashi ko yake tashi da nawa, wanda gudumarsa ke dukan tsirkiya sau biyu a danni ɗaya, da wanda amonsa ke ci gaba bayan an ɗaga yatsa. A wannan na ƙarshe a lura: maɓallai kusan 20 na can dama ba a sa musu ulun da ke kashe amo ba tun daga masana'anta, don tsirkiyoyinsu gajeru ne suna mutuwa da kansu. Ba lalacewa ba ce.

In an ji zizar wani abu a kan wata murya, kada a yi saurin ɗora wa fiyano laifi. Sau da yawa gilashin taga ne, ko faranti a kan kabad, ko makullin da aka ajiye a kan murfi. Mutum ɗaya ya yi ta danna muryar, wani ya zaga ɗaki yana dafa abubuwa har zizar ta ɗauke.

Daga nan sai kiɗa na kullum, minti 30 zuwa awa 1, ko fiye in da hali. A bi ko'ina, daga ƙasa har sama, da taushi da ƙarfi, a taka feda. Mai koyo yakan tsaya a maɓallai ashirin na tsakiya, to a ƙara masa da hawa da sauka daga wannan ƙarshe zuwa wancan sau biyu ko uku. Amfanin wannan a fili yake. Sabuwar tsirkiyar ƙarfe tana miƙewa a hankali cikin shekararta ta farko. Tana kuma lanƙwasa a wurare da dama, a kan jaki da wajen turakun da take ɗaure, kuma jan da ke tsakanin waɗannan gaɓoɓi ba ya zama ɗaya sai an girgiza ta. Duka shi ke girgiza ta. Haka ulu da fatar da ke cikin injin maɓallai suna dannewa da aiki. Gara duk wannan ya faru kafin mai saiti ya zo, ya gyara gaba ɗaya, da ya faru mako guda bayan ya koma garinsu.

Ƙarfi na kiɗa daban, duka da dunƙulen hannu daban. Tsohon fiyanon da gam ɗinsa ya bushe yana iya sakin kan guduma in yara suka far masa. A wanke hannu kafin a zauna, kuma kada a ɗora kofin ruwa ko tukunyar fure ko kyandir a kansa.

Sai maganar kunne. Wanda ke koyon yatsu da karatun waƙa ba abin da zai rasa don ya yi wata guda a kan fiyanon da ya ɗan kauce. Mawaƙa ne ke bukatar kula. In fiyano ya sauka gaba ɗaya, zai yi daɗi shi kaɗai amma ya yi karo da kibod ko ƙaho. In kuma tsakiyarsa ce ta sauka ta bar sama da ƙasa, ƙungiyar mawaƙa za ta koyi tazarar muryoyi a karkace. A wannan lokaci a ba su murya daga kibod ko waya. In kuwa akwai ɗaurin aure ko wani babban taro a makon farko kuma dole sai da fiyanon, a kira mai saiti a yi, a san cewa za a sake wani bayan wata ɗaya ko biyu.

Yadda za a san ya zauna

Sati biyu zuwa huɗu lissafi ne na ƙasashen da bambancin shago da gida bai taka kara ya karya ba. A nan ya fi kyau a auna. Kayan aiki biyu ne: ƙaramin ma'aunin laima na batir, mai nuna zafi da kashin laima, da manhajar saita kayan kiɗa a waya. A ajiye ma'aunin a kan fiyano, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Duk bayan kwana uku, a lokaci ɗaya na yini, a auna muryoyi uku: maɓalli na 37, na 49 da na 61. Dukkansu muryar da ake kira A ce, kuma a daidaitaccen saiti suna ba da 220, 440 da 880, wato yawan girgizar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya. Lambar waya ba ta kai ta na'urar mai saiti ba, amma in waya ɗaya ce a wuri ɗaya, za ta nuna inda aka dosa. Misali A ta tsakiya ta fara a 439, ta koma 437, ta koma 436, sannan ta tsaya nan. Idan ta yi kwana 7 zuwa 10 ba ta motsa ba, katako ya daidaita da ɗakin, lokacin saiti ya yi.

Watan da ya iso yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya zo daga kudu a Yuli ko Agusta, cikin marka, bai sha wani babban sauyi ba, sati biyu zuwa uku kan ishe shi. Wanda ya zo a Disamba ko Janairu a ba shi sati huɗu zuwa shida. Na watan Oktoba shi ne mai yaudara: zai yi kamar ya zauna, a saita shi, hunturu ya shigo a Nuwamba ya kwashe aikin. In ba gaggawa, a kaɗa shi haka nan har iskar hunturu ta yi sati biyu ko uku da kamawa. Na Afrilu da Mayu a saita shi bayan ya zauna, a shirya wani a Yuli, domin ruwa na sauka muryarsa za ta hau. Amma kada jira ya zarce wata biyu zuwa uku ga sabon fiyano, don tsirkiyoyinsa suna ta saki, kuma gwargwadon nisan da ya yi da 440 gwargwadon wahalar dawo da shi.

Iskar ɗaki

Masu ƙera fiyano suna son laima tsakanin kashi 40 da 50. Riƙe wannan a Gusau ko Argungu cikin Fabrairu abu ne mai wuya, amma duk wanda ya iya hana ɗakinsa faɗuwa ƙasa da 30 zuwa 35 ya yi wa fiyanonsa babban gata. Kuma daidaito ya fi lamba muhimmanci: ɗakin da ke zaune a 35 kullum ya fi wanda ke 55 da safe 20 da yamma.

Abu na farko shi ne rage saurin bushewa. A rufe tagogi da ƙofa, a toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma. In an gama kiɗa a rufe murfi, a lulluɓe fiyanon da bargo mai kauri har bayansa. Katakon da ya bushe a hankali yakan tsuke lafiya, wanda ya bushe da gaggawa shi ke tsagewa. Sannan a ƙara wa ɗakin ruwa: na'urar fesa laima in akwai wuta mai ɗorewa, in babu, randa ko tulun ƙasa biyu cike da ruwa da faffaɗan baho a kusurwar ɗaki, mita 1 ko fiye daga fiyano. Randa tana tsatsafo ta ko'ina a jikinta, shi ya sa ta fi bokitin roba. Ma'aunin zai nuna ko abin yana aiki. Ba mu goyon bayan sa kwanon ruwa a cikin fiyano. Amfaninsa kaɗan ne, ranar da aka manta aka tura fiyanon kuwa ruwan ya zube a kan katako da ƙarfe.

Ga wani abu da ake yawan mantawa. Fiyanon da ya zauna a Legas ko Fatakwal sau da yawa an sa masa wata doguwar sandar lantarki a ciki, mai ɗumama shi don korar laima. A can magani ce. A nan cikin hunturu da bazara guba ce, in ba tana haɗe da na'urar da ke kashe ta da kanta idan iska ta bushe ba. In an ga waya ta fito daga ƙasan fiyano mai tsirkiya, kada a jona ta sai mai saiti ya gani. Na'urar sanyaya ɗaki ita ma busar da iska take yi, kuma kunna-kashe da ɗaukewar wuta ke jawowa ya fi rashin ta illa. Kaskon gawayi lokacin ɗari kada ya shiga ɗakin, hayaƙin turaren wuta kuma yana barin danƙo a kan tsirkiya da ulu, ƙura ta zo ta manne.

Fiyanon hannu ya fi sabo shiga haɗari a nan. Waɗanda aka kwaso daga Japan an busar da katakonsu ne don iskar can mai laima, tsofaffin Ingila kuma da yawa gam ɗinsu da katakon turakunsu sun riga sun gaji. Irin waɗannan a ninka musu kula a hunturunsu na farko.

Abin da ba a yi

Kada kowa ya sa filaya ko sifana a kan turakun tsirkiya, ko da makanike ne ko gwanin jita. Turken ba noti ba ne, matsi ne kaɗai ke riƙe da shi a cikin katako mai hawa-hawa, kuma juyin da ido ba ya gani ya isa ya sauya murya. Filaya tana cinye kan turke, tana lanƙwasa shi, tana buɗa raminsa, kuma wanda bai saba ba yakan juya turken wata tsirkiya yana sauraron wata har ta tsinke. Tsirkiyar ƙasa mai naɗi sai an auna an yi odarta.

Kada a sa mai ko wane iri, na keken ɗinki ko na feshi. In mai ya shiga katakon turaku, turke ba zai sake riƙewa ba, kuma wannan gyara ne da kan fi kuɗin fiyanon. Maɓallin da ya maƙale, musamman da damina, ulun ramin da yake hawa ne ya kumbura, ko fensir ko wani abu ya faɗa ciki. A kama bakinsa a ɗaga a sauke a hankali sau da yawa, in bai saki ba a rubuta lambarsa a bar shi. Kada a fesa maganin sauro a ciki, kada a taɓa tsirkiyoyin jan ƙarfe da hannu don gumi yana dusashe su. Ƙurar hunturu a kan maɓallai a share ta da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa aka matse sosai, daga ciki zuwa waje, don kada datti ya faɗa tsakaninsu.

Akwai dabara ɗaya da mai fiyano zai iya yi da kansa. In wata murya tana rawa tana "wau-wau" har ta hana jin daɗin kiɗa, ɗaya daga cikin tsirkiyoyinta uku ce ta kauce wa sauran. A yanka ɗan guntun roba mai laushi ko ulu kamar tsinin gatari, a cusa shi a hankali tsakanin tsirkiyar gefe da maƙwabciyarta ta murya ta gaba, nesa da inda guduma ke duka. A gwada gefen hagu, a gwada na dama, a bar shi inda rawar ta ɗauke. Muryar za ta ɗan rage ƙarfi amma za ta tsaya cak. A faɗa wa mai saiti inda aka sa.

Inda ake dakatawa

A daina kiɗa a kira mai sayarwa idan an ga tsaga a jikin firam ɗin ƙarfe, ko fiyanon ya faɗi wajen saukewa, ko ƙafar na kwance tana rawa. Haka in ruwan sama ya shige shi a hanya: a buɗe allunan, a kunna fanka daga nesa na kwanaki, kada a kai shi rana, kada a kusanto da wuta. In tsirkiya ta tsinke, a bar wannan maɓallin, a ajiye tsirkiyar don da ita za a auna sabuwa. Muryar da ta faɗi warwas cikin dare ɗaya alhali maƙwabtanta suna nan, alamar turke ne ya saki. Guda ɗaya ana gyara shi. In sun yi yawa a yanki ɗaya, katakon turaku ne ke da matsala, kuma wannan magana ce ta mayar da kaya. Siririyar tsaga a allon amo kuwa ba kullum take zama masifa ba, fiyano da yawa suna shekaru da ita, sai in ta fara ziza.

Ranar saiti

Masu wannan sana'a ba su da yawa, galibi sai an ɗauko su daga Kaduna, Jos, Abuja ko Legas, don haka kowace zuwa tana da tsada. A tura masa hoton littafin da ɗan faifan muryar fiyano ta WhatsApp tun kafin ya taso, ya san kayan da zai riƙo. In akwai wasu masu fiyano a garin, ko a Zuru da kewaye inda coci-coci ke da yawa, a haɗa kuɗin mota a yi rana ɗaya.

Ɗakin ya kasance yadda yake kullum, in ba a saba kunna na'urar sanyi ba kada a kunna don baƙo. Yana bukatar shiru na awa ɗaya da rabi zuwa biyu: a kashe janareto in yana kusa, a kashe fankar sama domin tana sa amo rawa a kunne. In A ta sauka zuwa 436 ko ƙasa, zai fara jan dukkan tsirkiyoyi sama a gurguje kafin ya dawo ya yi saiti na tsanaki, saboda jan kowace tsirkiya yana danne allo ya saki na kusa da ita. Wannan aiki biyu ne, kuɗinsa ma daban. In tsohon fiyano ne mai tsatsa ya ce zai bar shi ƙasa da 440 don kada tsirkiyoyi su tsinke, a saurare shi. A roƙe shi ya ɗaure notunan injin maɓallai da suka saki saboda bushewa, ya bi lambobin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama a zauna a kaɗa da ƙarfi minti 10 yana nan, in wata murya ta zame ya gyara kafin ya haɗa kayansa. A rubuta kwanan wata da laimar ranar da lambar da aka saita A a kai, a ajiye takardar a cikin murfin sama. Sabon fiyano yana son saiti 3 zuwa 4 a shekararsa ta farko, daga baya 2 a shekara, ɗaya a Disamba bayan hunturu ya kama, ɗaya a Yuli bayan ruwa ya zauna. A tsayar da ranar zuwa ta gaba tun kafin a raka shi tasha.